Bahago da Sifirin da Ya Ƙi Juyuwa

Mijin Yayata bahago ne, kuma tun da na san shi bai taɓa yafe wa duniya wannan ba. A ganinsa duk abin da aka ƙera, daga almakashi har jirgin sama, 'yan dama ne suka haɗa baki suka ƙera shi don su wahalar da shi. Sunansa na ainihi ya ɓace tun ina yarinya. Bahago kowa ke ce masa, har jikokinsa in sun ga ba ya kusa. Sana'arsa gyaran ƙananan injina: injin ban-ruwa, janareta, injin niƙa, duk wani abin da ake fizgar igiya ya tashi. Rumfarsa na kallon shagona na ɗinki, titi ne kawai tsakaninmu. Saboda haka abin da zan gaya muku ba ji na yi ba, da idona na gani, wani ma a ƙofata ya faɗo.

Hannunsa na da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. In ka kawo masa inji a mace zai tashe shi. Sai dai in ka isa gida za ka tarar makunnin da ka sani a dama ya ƙaura hagu, bakin tiyo ya juya yana kallon inda ba ka ajiye shi ba. Ka dawo kana kumfar baki, shi kuwa ya dube ka da tausayi, ya goge hannu da tsumma ya ce, "Ai alheri na yi maka. Masu kamfanin ne suka sa shi a baibai."

Gidansa kuwa ba a magana. Famfon tsakar gida in ka murɗa shi za ka rufe, sai ya yi maka wanka. Ƙofar firji ta hagu take buɗewa, ta bugi bango. Amma abin da ya fi suna shi ne ƙofar kicin. Shekarar da ya auri Yaya, ya ce ba zai bar matarsa tana rufe ƙofa da hannunta ba, ya samo wayar ƙarfe ya naɗa ta da kansa ta zama sifirin, irin wanda in ka ja ka saki yake komawa, ya ɗaura wa ƙofar don ta riƙa rufe kanta. Da ya saki, ƙofa ta wage ta daki bango. Ya rufe, ta sake wagewa. Maƙwabta suka yi dariya har da riƙe ciki, shi kuwa ya yi rantsuwa ba zai ƙara naɗa sifirin ba har ya mutu, ya kuma hana a cire wancan. Tun daga ranar da dutse Yaya take tokare ƙofar kicinta, mu da muka taso a gidan har mun ɗauka haka ake yin kici.

Sau ɗaya ya tsallako titi ya tsaya a kan keken ɗinkina yana karkata kai. Ya ce, "Tela, wannan wilin da a hagu yake da kin fi sauri." Na ce, "Mijin Yaya, ka taɓa shi ka gani, in ban ɗinke maka leɓe ba." Bai sake ba.

Akwai benci a gaban rumfarsa, a kan bencin kuma akwai mutum biyu da na tabbata tare da shi aka ƙera su: Tsohon Direba da Mai Faci. Tsohon Direba ya bar tuƙi tun ina budurwa, amma har yau babu motar da za ta wuce bai gano ciwonta ba. Mai Faci kuwa aikinsa ya ce "Shi ke nan, ka faɗi gaskiya," ko wa ya yi magana. Bahago na rufe rumfa da la'asar, sai ya zauna tsakaninsu su gyara duniya har duhu ya fara, abinci ya huce a gida. In ya shiga, kalmarsa ɗaya ce: "Wani inji ne ya tsaya min." Yaya ta ce, "Sannu da aiki," ta tashi ta ɗumama masa. Ni da nake kallon bencin ta tagar shagona, abin yana ƙona min rai. Na sha gaya mata babu wani inji, injin da ya tsaya shi ne bakin Tsohon Direba, shi ma bai taɓa tsayawa ba. Sai ta dube ni ta ce, "Ke ɗinkinki ya ƙare ne?"

Yaya mace ce mai ƙafa. Kasuwa, asibiti duba marar lafiya, gidan ƙawa, duk a ƙasa take zuwa, kuma duk inda ta je tana gida kafin maigidan ya shigo. Sai ga shi wata rana ta zame a bakin famfon nan nasa, gwiwar hagu ta tafi. Aka yi aiki, aka yi gashi, ƙafa ta warke amma ta ƙi lanƙwasuwa, ta miƙe sambal kamar taɓarya. Gidansu kuma a gindin gangare yake. Daga ƙofarsu zuwa babban titi hawa ne wanda mai ƙafa biyu ma sai ya yi haki. Yaya ta koma zaman bakin taga. Da farko tana kiran duk wanda ya wuce ta tambaye shi labari. Daga baya ta daina kira. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, Yayata da ke cika gida da magana ta koma sai ka tambaye ta sau biyu kafin ta amsa. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ke aure a wani gari mai nisa, ita ta zo ta ga uwarta ta fashe da kuka. Ta jawo ni gefe ta ce, "Inna, haka kuka bar Umma?" Kafin in ba ta amsa ta nufi ubanta.

"Baba, in yara suka sami hutu zan zo da mota in ɗauki Umma. Gidana ba hawa, ga asibiti kusa, ga jikoki za su riƙa sa ta magana."

Ya ce, "Ta yi kwana nawa?"

Ta ce, "Ba maganar kwana ba ce, Baba. Ta koma can."

Ya dubi Yaya ko za ta ce a'a. Yaya tana kallon taga. Yarinyar ba ta yi laifi ba, gaskiya ta faɗa, shi ma ya sani. Washegari na ga abin da ban taɓa gani ba: Bahago zaune a rumfarsa da sifana a hannu, ba ya kwance komai. Mutumin nan bai san inda gishiri yake a gidansa ba, amma ba gishiri ne ya dame shi ba. Tsoro yake ji ya shiga gida ba wanda zai ce masa sannu da aiki. Kuma irinsu ba su iya faɗin haka da baki ba, sai da ƙarfe.

Ya sanar wa benci cewa zai ƙera wa matarsa keke mai inji wanda zai hau gangaren nan da ita, kafin hutun yara. In tana fita, me Auta za ta zo ɗauka? Mai Faci ya ce shi ke nan, ya faɗi gaskiya.

Ya haɗa shi da abin da ke rumfar: ƙafafu uku na tsofaffin babura, injin ban-ruwa a gaba tsakanin ƙafafun mai tuƙi, kujerar falo mai ƙafafun ƙarfe da ya sato daga ɗakin Yaya ya yi mata walda a kan firam. Abin da ya saya sabo ɗaya ne, wanda yake kira kwambata, yana faɗin sunan kamar wani surukinsa mai kuɗi. Ni dai da na leƙa fuli biyu na gani da bel, irin na keken ɗinkina, sai dai kowane fuli kamar murfin tukunya biyu ne da suka juya wa juna baya, bel ɗin na tsakaninsu. Ya ce min in inji ya ɗauki wuta, murafen gaba su matse su tura bel sama, na baya su buɗe, keke ya yi gudu. In an zo hawa, wani sifirin da ke cikin na bayan ya matse murafensa, keke ya rage gudu ya ƙara ƙarfi. Ba kuloci, ba canjin giya, totur da birki kawai. Na ce to, wannan kam ko Yaya za ta iya. Ya ce, "Ai don ita aka yi shi, su masu kamfanin ba su sani ba ne."

Aka ciccibo Yaya aka ɗora a kujera don a gwada zama. Nan aka ga ta'asa. Duk kayan bel ɗin a gefen hagu suke, haka injin ya zo daga kamfani, kuma fulin baya yana da wani tozo da sifirin ke ciki, ya turo waje daidai inda ƙafar Yaya mai miƙewa za ta kwanta. Ba inda za ta sa ta. In ta matsa, tozon zai ci mata zane, in bai ci har da fata ba.

Wayyo, ku zo ku ga fuskar Bahago! Murna ce fal. Duk rayuwarsa yana juya abubuwan da ba wanda ya roƙe shi, yau ga abin da dole sai an juya. Ya dubi benci ya ce, "Ba na gaya muku ba? A baibai suke sa komai!"

Ya kwance injin gaba ɗaya ya juya shi, fuli da bel da sarƙa duk suka koma dama. Aiki ya yi kyau, har fenti ya shafa. Ranar gwaji ya hau da kansa, ya sa keken ya fuskanci gangare, bayansa na kallon shagona. Na fito ina riƙe da rigar wata amarya da nake wa aiki, ina kallo. Ya fizgi igiya, inji ya tashi, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya murɗa totur. Keke ya yi baya da gudu. Ya tsallake titi, ya hau dakalina, ya shigo shagona da ƙeya, ya kwashe teburin guga, ya tsaya a cikin yadikan mutane yana hayaƙi. Bahago na zaune a kujerar falo, har yanzu hannunsa ɗaya a sama, yana kallon gangaren da bai matsa kusa da shi ko taku ɗaya ba.

Abin da na faɗa masa ranar ba zai rubutu ba. Na haɗa da kakanninsa. Da na gaji, na ce, "Kai da kake gyaran inji tun ban yi haƙori ba, ba ka san in ka juya shi juyinsa ma ya juya ba? Ni da nake tela na san in na murɗa wilina baya zare tsinkewa yake!" Ya cire wani ƙyalle daga kansa ya ce, "Ƙarfinsa dai kin gani. Dakalin nan naki ai hawa ne."

Benci ya zauna shawara. Tsohon Direba ya yi gyaran murya ya ce abin ai mai sauƙi ne, shi ya yi shekaru yana ribas da tirela. Tunda keke baya yake so, a juya kujerar ta kalli baya, baya ya zama gaba. Mai Faci ya ce shi ke nan, ya faɗi gaskiya. Kuma wallahi Bahago ya yi. Ya yanke walda, ya juya kujera, ya ƙirƙiro wasu sanduna da za su kai hannun tuƙi can ɗaya gefen. Aka sake ciccibo Yaya. Tana zama ta dubi gefenta na hagu, ga tozon nan zaune yana jiran ƙafarta kamar bai taɓa tafiya ko'ina ba. Manyan maza uku suka yi ta zagaya keken suna neman wanda ya mayar da shi. Yaya ta yi dariya. Ƙarama ce, ta hanci, amma na ji ta, shi ma ya ji, don har ya waiwayo.

Ya mayar da komai yadda kamfani ya yi, yana yi yana tsaki, kamar wanda aka tilasta wa ba da haƙuri a bainar jama'a. Sannan ya zo da dabara ta uku, wadda ko ni na ga hankali a cikinta. Inji ya zauna yadda yake. Fulin baya kaɗai za a zare a juya, tozonsa ya kalli ciki, ya shige ƙarƙashin kujera. Ya yi hakan, ya daidaita bel, ya kafa katako mai laushi a gefen hagu. Ƙafar Yaya ta kwanta a kai lafiya lau. A fili keke ya tafi gaba, gaba sosai, jama'a suka yi tafi, ni kuwa na riga na rufe shagona don tsaro.

Ya nufi gangare. Ya ɗan hau, sai inji ya fara kuka kamar akuyar da aka taka wa wuya, bel ya yi ƙara, warin roba ya cika unguwa. Keke ya tsaya, ya yi tunani, ya fara gangarowa da baya a hankali har ya dire shi a inda ya tashi. Ya sa sabon bel, ya sake. Haka. Ya sa wani. Haka. Kafin mako ya fita rumfarsa ta cika da ƙonannun bel a rataye.

Shi ya gano ciwon da kansa, ya zo har shagona ya bayyana min, don benci ya daina fahimta. Sifirin da ke cikin tozon an naɗa shi ne ta gefe ɗaya, yadda in fuli na juyawa zai ƙara matse murafen. Da ya juya fulin, juyin ya koma yana warware sifirin maimakon ya ɗaure shi. Ana zuwa hawa murafe su saki, bel ya zurma ciki, keke ya zama kamar mai son hawa tudu da giyar gudu. Maganinsa sifirin mai naɗin hagu.

Ya shiga kasuwar kayan gyara rumfa rumfa. Ba wanda ya taɓa jin labarinsa. Wani ya ce masa, "Baba, sifirin ai sifirin ne, ka kifa shi mana." Ya dawo, Tsohon Direba ma ya ce a kifa shi. Mai Faci ya ce an faɗi gaskiya. Bahago ya ɗauki sifirin ya kifa, ya duba, naɗin na nan yadda yake. Ya mayar da kai ƙasa, gindi sama, yana nan. Ya kwantar da shi, ya juya shi gabas, ya juya shi yamma, ya koma ɗaya gefen teburin ya leƙo shi. Na rantse muku yini guda mutumin nan ya yi yana juya ƙarfen da bai kai tafin hannu ba. Ku gwada da kanku in kuna da shi a gida: sifirin ko ta ina ka kifa shi, naɗinsa ba ya canzawa. Mutumin da ya juya famfo, ya juya firji, ya juya injinan rabin gari, ya gamu da abu ɗaya a duniya da ya ce masa a'a.

Ana cikin haka Auta ta bugo waya ta ce an kusa ba da hutu, a fara haɗa kayan Umma. Ni aka sa na ɗauko akwatuna daga saman kwaba. Ina ninke zannuwan Yaya a ɗaki Bahago ya shigo, da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a bakin gado da sifirin a hannu. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Haushinsa da nake ji tun ranar shagona sai na neme shi na rasa, tausayi ya kama ni.

Ya ce, "Maman Auta, abin ya ƙi."

Ta ce, "Me ya ƙi?"

Ya nuna mata. Ya ce na hagu ake nema, duk garin nan kuwa babu, 'yan dama sun cinye duniya.

Yaya ta karɓa ta jujjuya shi, ta miƙa masa. Ta ce, "Baban Auta, je ka cire dutsen ƙofar kicina."

Ya ce, "Ana maganar keke kina maganar kici?"

"Je ka dai."

Ya fita yana gunaguni. Muka ji ya ture dutsen da ƙafa, muka ji ƙofa ta daki bango, garam, kamar yadda take yi tun kafin a haifi Auta. Na leƙa ta taga na gan shi tsugune, ya kafa hanci a jikin tsohon sifirin nan mai tsatsa, yana bin naɗinsa da yatsa, yana duban na kamfani a ɗaya hannun. Yaya ta ɗaga murya, muryar da na yi kewa, ta ce, "Shekara da shekaru ina fama da aikin hannunka na hagu. Yau da ake nemansa sai ka tafi kasuwa?"

Ya karya rantsuwarsa a ranar. Ya samo wayar ƙarfe mai tauri, ya kafa bututu a jikin teburinsa, ya kama da hagu ya naɗa yadda hannun ya ga dama. Na farko ya yi laushi. Na biyu ya karye da ya gasa shi ya tsoma a baƙin mai. Benci na ta ba da shawara, a karon farko a tarihi ya ce musu su yi masa shiru. Mai Faci ya buɗe baki zai ce an faɗi gaskiya, ya fasa. Ban san ko na nawa ne ya yi daidai ba, na dai san yatsunsa duk sun sha plasta.

Motar Auta ta iso da hantsi, yara a baya, an bar kujerar gaba ba kowa don Umma ta miƙe ƙafa. Ta tarar da keke a ƙofar gida da jama'a kewaye da shi. Ta ce, "Baba, wannan kuma mene ne? Kujerar ɗakin Umma ce fa!" Ya ce zai hau ya nuna mata. Yaya ta ce a'a, an gaji da ganinsa yana komawa baya, a ɗora ta. Auta ta ce, "Inna, ki hana su!" Na ce, "'Yar nan, wa na taɓa hanawa a gidan nan ya hanu?"

Aka ɗora ta. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta tattare zane, ta kwantar da ƙafa a kan katako. Ya nuna mata totur da birki har sau uku, ta ce ta ji, ba kurma ba ce. Ya fizgi igiya da hagu. Keke ya tafi a hankali, ya kama hawa, muryar injin ta yi ƙasa ta yi kauri. Duk muka riƙe numfashi muna jiran warin roba. Bahago na biye da ita a guje da dutsen ƙofar kici a hannu, wai in ta gangaro ya tokare ƙafar keken. Ba ta gangaro ba. Ta wuce shagona, ta wuce inda bel ke ƙonewa, ta kai kan babban titi. Yara suka yi ihu, Auta ta toshe baki tana hawaye, ni ma na share nawa da ƙyallen wani.

A can sama Bahago ya tsaya yana haki, ya ɗaga hannu yana yi mata alamar ta juyo. Yaya ta duba dama, ta duba hagu, ta murɗa totur ta shiga titi. Ya bi ta da kira, "Maman Auta! Gwaji ne fa!" Ko waiwaye. Sai da rana ta yi ja ta dawo, da ledar kayan miya rataye a hannun keke da labarin mutum goma a bakinta. Auta ta kwana biyu tana kallon uwarta na fita tana dawowa, sannan ta sa na mayar da akwatuna saman kwaba, ta koma da kujerar gaba ba kowa.

To, ya ci nasara, matarsa ba ta tafi ba. Sai dai ba a gaya masa cewa zama a gari daban, zama a gida daban. Yaya ta rama duk zaman da ta yi a bakin taga, har da riba. Ta gano ƙawayen da ta rabu da su tun suna 'yan mata. Ta san duk wanda aka kwantar a asibiti. Masu babur sun san ta, suna ba ta hanya. Bahago kuwa da la'asar ta yi sai ya rufe rumfa ya gangara gida, wai ko ta dawo tana buƙatar a sauke ta. Tsohon Direba ya ce an mallake shi, Mai Faci ya ce an faɗi gaskiya, bencin ya koma mutum biyu. Yanzu ya san inda gishiri yake. Girkinsa kam Allah Ya kiyaye, da hagu yake juya miya, ban sani ba ko shi ya sa.

Rannan na gangara kai wa Yaya rigar da na rage mata. Magariba ta yi ba ta dawo ba. Na same shi zaune a kujera a bakin tagar nan tata, ya rufe abinci da faranti, ya karkata kunne wajen titi. Da ya gan ni ya jawo wani tsohon makunni ya hau dubawa, kamar aiki yake. Duk babur da ya wuce sai ya ɗaga kai ya ce ba ita ba ce. Can muka ji nata, ya san muryarsa tun daga kan gangare. Ya miƙe, ya sake zama, ya sake miƙewa.

Ta shigo da sanda, fuskarta na sheƙi, tana ƙanshin turaren gidan mutane. Ya haɗe rai ya ce, "Ina kika tsaya har abinci ya huce?"

Yaya ta zauna, ta jingine sanda, ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Injin ne ya tsaya min."

Ya fita tsakar gida. Na bi shi da kallo. Ya dafa injin, ya duba mai, ya fizgi igiya sau ɗaya, ya tashi ras kamar sabo. Ya kashe shi. Ya daɗe tsaye a wurin, hannunsa a kan kujerar. Injin da ya haɗa da hannunsa, ya san ba ya tsayawa. Da ya dawo ɗaki ya buɗe baki, ya dube ni, na kau da kai don kada in yi dariya ko kuka, ban san wanne zai riga fita ba. Ya dubi matarsa, wadda ta yi shekara da shekaru tana jin wannan kalmar daga bakinsa, ga ƙanwarta da tagarta ke kallon benci, ba ta taɓa tambayarsa wane inji ba.

Ya ce, "Sannu da aiki."

Ya ɗauki kwanon, ya ture dutsen da ƙafa, ƙofar kici ta buɗe masa, ya shiga ɗumama abinci.